Sandar Zama da Sandar Tafiya

Watanmu biyu a Ingila aka bugo waya daga Ƙaraye cewa Baba ya rasu. Baba shi ne mahaifin maigidana, tsohon masunci ne a bakin Dam ɗin Challawa. Kafin mu gama fahimtar abin da ake gaya mana, har an kai shi makwancinsa. Maigidana, wanda nake kira Abban Hafsa, ya yi salati, ya ajiye wayar a kan tebur, ya shiga ɗaki. Zan iya cewa tun daga ranar bai sake fitowa fitowar kirki ba sai bayan wata uku.

Karatu ne ya kai mu. Shi ma'aikaci ne a sashen gona, ɓangaren kiwon kifi, ya samu tallafin karatun shekara guda. Ni kuma na biyo shi don ya samu mai dafa masa abin da zai iya haɗiya. Hafsa da ƙaninta mun bar su a Zoza wajen mahaifiyata. Garin da muka sauka ƙarami ne, a gabashin ƙasar, wuri a shimfiɗe kamar faifai, ko'ina dogayen magudanan ruwa a miƙe kamar da rula aka ja su. Ɗaya ta bayan gidan da muke haya ta bi, ana hango ta daga tagar ɗakin kwana.

Da a gida ne, da an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida kwana uku, jama'a na zuwa suna tafiya, mutum ba zai samu sararin da zai kaɗaita da baƙin cikinsa ba. A can kuwa ƙararrawar ƙofarmu sau ɗaya ta yi ƙara a duk makon, shi ma mai kawo kaya ne ya ɓata lambar gida. Abban Hafsa yana salla a ɗaki, ya ci cokali biyu, ya koma ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Juma'a ta wuce, wata ta wuce, bai je masallaci ba. Ni kuwa zama ya gagare ni. In wanke kwanukan da na riga na wanke, in share ɗan falon da bai fi tsawon tabarma biyu ba, in leƙa shi, in dawo. Ga ranar ƙasar ba ta da tsawo, kana sallame Azahar La'asar ta shigo, kafin ka naɗe dadduma Magariba ta yi. Sai in ga kamar kwanakin guduwa suke yi su bar mu.

Sannan takarda ta zo daga makaranta. Da ɗan Turancina na sakandare na karanta ta sau uku. Cikin ladabi suka rubuta, har da jaje, amma abin da take nufi a fili yake: idan bai koma aji ba kafin wani lokaci da suka yanka, za a cire sunansa, izinin zamanmu ya ƙare. Na kai masa, ya duba, ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, ya mayar da fuska bango. Wallahi ba karatun ne ya fi damuna ba. Mutumin nake gani yana tafiya a gabana, kullum ana rage shi kaɗan kaɗan.

Na kira Iya, mahaifiyarsa, tana cikin takaba. Bayan mun gama gaisawa da sake yi wa juna haƙuri, na kasa ɓoye mata. Ina jin kukan awaki a bayanta. Sai ta ce, "Jininsu ne, Zulai. Ubansa ma da ƙaninsa ya rasu haka ya yi, sai da abokansa suka ɗauke shi cak suka saka a kwalekwale. Ba ruwa a ƙasar ne? Ki kai shi bakin ruwa."

A shagon naman halal na babban gari na haɗu da Ɗanjuma. Ina tambayar ko akwai kuɓewa busasshiya, sai na ji a bayana an ce, "Hajiya, daga ina a Kano?" Saura kaɗan hawaye ya zubo mini. Rabona da jin Hausa daga bakin baƙo tun a filin jirgi. Ya ce shekararsa goma sha a ƙasar, yana sayar da kayan gwanjo a bayan motarsa, ba abin da ba ya samowa. Na gaya masa ina neman sandar fatsa. Bayan kwana biyu ya kawo wata doguwa, ta ninka tsawon mutum, da ɗan injin naɗe zare a gindinta. Ya ce ba kifin da ba ta kamawa, kuma don ni 'yar gida ce ya sallama mini a haka. Har ya kwatanta mini wani tafki da bas ke zuwa. Ya ce ana biya a ƙofa, duk abin da muka kama namu ne.

Kwana huɗu sandar tana jingine a bango. A na biyar na fito daga kicin na tarar da Abban Hafsa a tsaye yana murza zaren tsakanin yatsunsa. Ya tambaye ni ko akwai sauran tuwon jiya. Ya ƙulla shi da ɗan daddawa, ya ce haka Baba ke haɗa koto da dusa.

Muka je ranar Asabar. A ƙofar tafkin akwai ɗan shago a rufe, da akwatin da ake jefa kuɗi a zari tikiti, da wani allo mai ƙananan rubutu. Ni na karanta allon, kuma daga farashi ban wuce ba. Wannan laifina ne, har yau ina faɗa. A gefen ruwan mutane ne jefi-jefi, kowa a cikin ɗan koren tantinsa, sanduna a jere kan ƙafafun ƙarfe, ba mai magana. Abban Hafsa ya zagaya, ya dubi ruwa, ya dubi iska, ya zaɓi wata kusurwa da ba kowa. Ko awa biyu ba a yi ba sandar ta lanƙwashe. Ya daɗe yana fama, har gumi ya karyo masa cikin wannan sanyi, sannan ya jawo wani kifi mai faɗin tire, ɓawonsa manya manya, kalar tagulla. Kaf suke ce masa. Ya rungumo shi zuwa kan ciyawa, ya ce Bismillah, ya ɗauki wani guntun icce ya buga masa a ka sau biyu. Ya ɗago ya dube ni yana murmushi, na farko tun rasuwar. Ni kuwa har na fara lissafin rabin farfesu, rabin suya.

Sai na ga mutane suna fitowa daga tantuna da gudu.

Ban fahimci rabin abin da suke faɗa ba, saboda sauri da fushi. Wani matashi ya ɗaga waya yana ɗaukarmu, yana cewa mu koma inda muka fito. Sai ga wani dattijo mai farin gemu, mai tafkin, daga baya na san sunansa Kolin. Bai yi mana ihu ba. Ya durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, ya ɗora hannu a kan kifin, yana kiran wani suna. Ashe kifin suna gare shi, wani suna da ke nufin Gimbiya. Ashe a wannan tafki ba a cin kifi. A kama shi, a auna, a ɗauki hoto, a shafa masa magani a inda ƙugiya ta huda, a mayar da shi. Wasu kwana uku suke yi a tanti don dai su taɓa wannan guda ɗaya. Abban Hafsa, mutumin da ya shekara goma sha biyu yana koya wa manoma kiwon kifi, ya tsaya hannuwa a sake yana ba da haƙuri da Turanci kamar ɗan firamare. Dattijon ya ce mu tafi, kada mu sake dawowa.

Muka hau bas. Da muka isa gida ya shiga ɗaki, wannan karon har labule ya saki. Na kira Ɗanjuma, ya yi dariya ya ce Turawa ne da haukansu, in rabu da su. Da na sake kira washegari, wayar ba ta shiga, har muka bar ƙasar ba ta sake shiga ba.

Mako biyu na yi ina zagaye falon nan. Ni na ja shi waje, ni na sa aka ci masa fuska. In na rufe ido kuma, ba matashin mai waya nake gani ba, dattijon nake gani a durƙushe, gwiwoyin wandonsa sun jiƙe. Da farko na ɗauka rashin aikin yi ne, mutum da gemunsa yana kuka kan kifi. Amma na san kukan rashi in na gan shi, a ɗakina ma yake kwance. Na yi ta tunani ko ya halatta a yi ta'aziyyar kifi. Ban samu amsa ba, sai dai na san mun shiga haƙƙin mutum, kuma neman yafiya ba ya buƙatar fatawa. Na soya cincin na cika roba, na ɗauki sandar Ɗanjuma, na ce wa Abban Hafsa zan je in dawo. Ya ce to, bai tambayi ina ba.

Ran nan shagon a buɗe yake. Wata tsohuwa ce a ciki, gajera, da tabarau a rataye a wuya, matar Kolin ce, sunanta Magi. Tana ganin hijabina da sandar ta gane ni. Ta fita ta kirawo mijinta. Duk Turancin da na haddace a bas ya gudu, sai na ce musu a garinmu idan mutum ya yi rashi ana zuwa a zauna tare da shi, shi ne na zo. Na ajiye robar a kan kantar shagon. Bakina ya saba da "Allah ya jiƙan rai", na riƙe shi, na ce Allah ya ba shi haƙuri.

Ya daɗe yana kallon robar. Sannan ya ce mahaifinsa ne ya saka kifin nan a ruwa da hannunsa, lokacin bai fi tafin hannu ba, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda ya zuba. Ban san lokacin da na zauna a kan wani bokiti ba. Na ce masa mijina ma mahaifinsa ya rasu, masunci ne, bai ga gawarsa ba, kuma tun rasuwar bai yi murmushi ba sai a kan kifin nan. Kolin ya buɗe robar. Ya ɗebi cincin guda uku, ya fita. Bai ce ya janye korar ba, ni ma ban roƙa ba.

Magi ta karɓi sandar ta juya ta a gaban fitila. Ta nuna mini inda ta taɓa karyewa aka liƙa da gam aka shafa baƙin fenti. Ta ce ikon Allah ne, ko da yake ba haka ta faɗa ba, da ba ta ɓalle a fuskarsa ba. Ta jefa ta bayan kantar, ta sa mini ruwan shayi, ta ce in gaya mata wane irin mutum ne mijina. Na ce mutumin kirki ne. Ta yi dariya ta ce ba wannan take tambaya ba. Tsayinsa, ƙarfin hannunsa, da kuma abin da yake so a bakin ruwa.

Daga nan ta shiga sauko da sanduna. Ta ce a wajensu ba a sayen sanda sai an san kifin da za a nema. Ta kaf doguwa ce, tana lanƙwasa tun daga baki har gindi don kada bakin kifin ya yage. Ana jefa koto, a ɗora ta kan ƙafafun ƙarfe, a haɗa da ɗan abin da zai yi ƙara in kifi ya ja, mai ita ya koma tanti ya zauna. Wuni, kwana, wani lokaci fiye. Sannan ta nuna mini hoton wani kifi a bango, dogo, kore mai ɗigo-ɗigo, bakinsa kamar na agwagwa, haƙora kuwa kamar na tsagen da Baba ke kawo mana. Ta ce fayik ke nan, mafarauci ne, lokacin sanyi ake nemansa. Shi ma akwai masu zama su jira shi da mataccen kifi. Amma akwai wata sandar, ta ɗauko ta, gajera, marar nauyi, bakinta da tauri. Ita ba a ajiye ta. A ɗaura mata kifin roba, a jefa, a naɗo, a ƙara gaba, a sake jefawa. Mai ita zai iya cin mil uku a bakin magudana bai sani ba.

"Mai zama ne ko mai tafiya?" in ji ta.

Na ce, "Zaman ne zai kashe mini shi. Ki ba ni ta tafiya."

Ta sa na riƙe uku ɗaya bayan ɗaya. Ta koya mini in ɗora sanda a kan yatsa in ga inda nauyinta ya daidaita, in zura auduga cikin zobban da zare ke bi don in ji ko akwai tsaga. Ta haɗa mini da siririyar waya da ake sa wa a bakin zare, don haƙoran fayik suna tsinke zare kamar reza, da wani dogon hantsaki na cire ƙugiya. Ni kuma na yi tambayar da ke cina. Na ce a addininmu ba a son wahalar da mai rai don wasa kawai, shin wannan ana cinsa? Ta ce a magudanan unguwarmu ƙungiyar da ke kula da ruwan ta yarda mutum ya tafi da ƙarami guda ɗaya, manyan kuwa a mayar, su ne iyaye. Zuciyata ta ɗan kwanta.

Sai da muka zo kan takardu ta cire tabarau. Ana buƙatar lasin da kuma katin ƙungiya. Ta ce hoton nan na waya ya zagaya, ba wanda zai ba mijina kati sai shekara ta juyo. Na ji kamar in ajiye sandar in fita. Ta ce, "Amma ke ba wanda ya hana." Na yi dariya har da riƙe baki. Na ce a Zoza mace suya take yi, ko banda, ban taɓa ganin wadda ta riƙe fatsa ba. Ta ce to ta rubuta ko ta bari? Bas ɗina ya kusa. Na ce ta rubuta, ba tare da na san me zan yi da shi ba.

Da na koma gida na nuna wa Abban Hafsa sandar da katin, ko taɓawa bai yi ba. Ya ce, "Ki mayar musu, Zulai. Bai ishe ki ba?" Lokacin saura kwana tara wa'adin makaranta ya cika.

Ban mayar ba, kuma ban iya zama da ita a falo ba. Ranar Alhamis bayan Azahar na sa safa biyu, na ɗora rigar sanyinsa a kan hijabi, na zagaya bayan gida. Kunya kamar ta kashe ni. Na ce a raina da matan unguwarmu za su hango ni, da an samu abin faɗa har garin Kafin Dafga. Jifan farko kifin robar ya faɗo a gaban ƙafata. Na biyu ya maƙale a ciyawar tsallake, sai da na tsinke shi. Na koma gida hannuwana sun ƙage. Labulen bai motsa ba. Ranar Juma'a zaren ya cukurkuɗe a injin kamar taliyar da ta kwana, na tsuguna ina warwara ina kuka har La'asar. Da na ɗaga kai na ga kamar gefen labulen ya ɗan yaye, ban tabbata ba.

Ranar Asabar ina jifa na huɗu na ji tagar ta buɗe.

"Ba haka ake yi ba."

Ban waiga ba. Na sake jefawa, ya faɗo nan kusa.

"Ki saki zaren da wuri. Ke da kike wurga wa kaji tsaba, haka kike yi?"

Na ce ba na jin abin da yake faɗa, iska ta yi yawa. Allah ya yafe mini, ina ji sarai. Tagar ta rufe. Na tsaya, ban san ko ya koma ya kwanta ba ne. Can sai ga shi ya zagayo, da jallabiya da bargo a kafaɗa, silifas a kan safa. A hasken waje na ga yadda ya rame, wuyansa duk ya fito. Na miƙa masa sandar. Ya mayar da hannuwansa baya.

"Ba ni da takarda. Ba zan sake karya musu doka ba. Ke dai riƙe nan, ɗaga gwiwar hannunki."

Ya ce wurin ma ba kifi, ruwan a fili yake, mai farauta ba ya zama a fili. Mu matsa wajen waccan ciyawar. Muka matsa. Na jefa sau biyar, ya ce mu ƙara gaba, akwai inda ƙaramar magudana ke shigowa. Daga can ya hango gada. Yana tafe yana gyara mini, wai ina naɗowa kamar mai gudun kar tuwo ya ƙone, in riƙa tsayawa kamar kifin ya ji ciwo. Na ce shi da ya iya ai ga shi nan hannu a baya kamar hedimasta. A tsakanin ciyawar da gadar ya fara maganar Baba. Yadda yake gane inda tsage yake daga yadda ƙananan kifi ke tsalle, yadda ya taɓa marinsa don ya taka taru da takalmi, sannan ya saya masa rake a hanyar gida. Muryarsa ta karye, ya share fuska da bargon, ya ci gaba. Ban dube shi ba, na bar idona a kan ruwa.

A ƙarƙashin gadar wani abu dogo ya biyo kifin robar har gabana. Na ga idonsa. Na fizge sandar da ƙarfi na ja da baya, saura kaɗan in zauna a taɓo, shi kuwa ya juya abinsa ya nutse. Abban Hafsa ya yi dariya har da tari, ya ce shekara ashirin Baba zai yi yana ba da labarin nan da yana raye. A nan muka yi La'asar a kan bargon, goshinmu kamar a kan ƙanƙara. Da muka juyo sai muka ga gidan ya yi nisa, ya zama ɗan ɗigo.

Ba mu kama komai ba. Mun iso safarsa ta jiƙe sharkaf, ƙafafunsa sun yi tsami don sun manta tafiya. Na ɗumama miyar kuka, ya cinye malmala ɗaya, ya miƙo kwano na ƙara masa. Ina wanke-wanke na ji yana buɗe-buɗe a ɗaki, ya buɗe wannan ya rufe, ya jawo akwati daga ƙarƙashin gado. Na tsayar da famfo ina saurare.

"Zulai," ya kira, "ina kika ajiye mini baƙin takalmina? Jibi Litinin, akwai aji, kuma na san yana buƙatar gogewa."